AIKIN NESA: DARASI DAGA KAN IYAKAR JIBIYA

Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike. Wannan magana ta daɗe tana sarauta a ofisoshinmu da kasuwanninmu, har ta kai mutum ba ya sakin jiki cewa takardarsa ta shiga sai ya wanke ƙafa ya je ya ga akawu ido da ido. Amma zamani riga ne. A yau akwai ayyuka da yawa a duniya waɗanda a ke farawa a gama, alhali masu yinsu ba su taɓa zama ɗaki ɗaya ba, waɗansu ma ba su san fuskar juna ba. Wannan ya yi nasa kashi da hantsi a garinsu ya ajiye cikin na'ura, wancan ya zo da dare a wata ƙasa ya ɗauka daga inda aka tsaya. Masana a ƙasashen Turai da Amurka suna ta rubuce-rubuce a kan wannan al'amari, suna cewa haka aikin gobe zai zama.

To, mu da mu ke ci da alƙalami, malaman ofis da malaman makaranta, ya kamata mu auna maganar da mudun garinmu. Ba mu ga wurin da ya fi dacewa da wannan awo kamar kan iyakar Jibiya ba, gama a can ne gwamnati biyu, da kuɗi iri biyu, da harshen ofis iri biyu su ke haɗuwa kowace safiya a kan mutane iri ɗaya. A can ne kuma aka ga, cikin 'yan shekarun nan, abin da waya ta iya da abin da ya gagare ta.

WURIN DA MU KE MAGANA

Jibiya tana yamma maso arewa da birnin Katsina, tafiyar kimanin mil 30, a kan babbar hanyar mota da ta nufi Maraɗi. Hakiminta shi ne Sarkin Arewa na Katsina. Ma'aikatan kwastan da na shige da fice suna Magama, in an ƙetare kuma sai Ɗan Isa, inda ma'aikatan duwan na Jamhuriyar Nijar su ke. Daga arewa wake da aya da dabbobi su ke gangarowa, daga kudu kuma hatsi da kayan masana'antun Kano da Ikko su ke haurawa.

Iyakar ba tsohuwa ba ce. Ingila da Faransa ne suka yanka ta a takarda, suka yi ta gyaran yarjejeniya a 1898 da 1904 da 1906, sa'an nan ayarin Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho suka bi daji daga 1906 zuwa 1908 suna kafa alamu tun daga kogin Kwara har tafkin Chadi. Watau ita kanta iyakar aikin nesa ce, domin waɗanda suka zana ta a Landan da Faris ba su taɓa shan ruwan Jibiya ba. Mutanen Maraɗi kuwa Katsinawa ne. Can sarakunan Katsina na dauri suka koma bayan jihadi, har yau kuma Sarkin Maraɗi sunan Sarkin Katsina ya ke amsawa. Saboda haka auratayya da ciniki ba su taɓa yankewa ba, har ma zamanin Turawa gyaɗar ƙasar Maraɗi ta Kano ta kan bi ta shiga jirgi zuwa bakin teku.

TUN KAFIN A HAIFI UWAR MAI SABULU

Kada wani ya ruɗe mu cewa aikin nesa baƙo ne a ƙasar Hausa. Tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela ta ke da farinta. Fataken da su ke tafiya Gwanja sayen goro su kan yi watanni a hanya, maigidan da ya ba su jari yana zaune a Kano ko Katsina, ba abin da ke tsakaninsu sai amana da wasiƙar ajami da wani ayari zai kawo. A kowane zango akwai fatoma mai saukar baƙi, akwai dillali, kowa ya san nasa aiki, ba sai mai dukiya ya tsaya a kansa ba. Haka Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya riƙa sayen gyaɗa ta hannun wakilansa a garuruwa masu nisa, haka kuma Alhazan Maraɗi suka gina arzikinsu. Daular Sakkwato ma da wasiƙa aka riƙe ta. Waziri ya rubuta, a buga hatimi, manzo ya hau doki, sarki ya karanta a garinsa ya mayar da amsa.

Da En'e ta zo sai aka ƙara wa abin ƙa'ida. A Katsina aka fara kafa Baitulmali a Arewa, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, kuma duk wanda ya san yadda haraji da jangali suka gudana a wancan zamani ya san aiki ne na hannuwa da yawa waɗanda ba safai su ke haɗuwa ba. Malamin gunduma ya bi ƙauyuka ya rubuta sunayen masu biya, dagaci ya tara, hakimi ya sa hannu, Ma'aji ya shigar a littafi a birni, Di'o ya duba ya rubuta ra'ayinsa a gefen takarda, fayil ya wuce wurin Razdan, wani lokaci har Kaduna, ya komo bayan makonni da amsa a ƙarƙashin tambaya. Wannan fayil mai yawo daga tebur zuwa tebur shi ne kakan takardar da mutum goma su ke rubutawa tare yau a cikin kwamfuta, kowa daga garinsa.

Karatu ma haka. Da yawa daga cikin malaman En'e da na makaranta da suka ci jarrabawar Ingila ta gidan waya suka yi karatunsu, su karɓi darasi daga makarantu irin su Wolsey Hall da Rapid Results College, su amsa da dare a gaban fitilar kwai, su aika, a gyara musu da jan alƙalami a mayar. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1976 a kan wannan hanya ta ɗora aikinta, don malami ya ƙaro ilmi ba tare da ya bar ajinsa ba.

ABIN DA NA'URA TA SAKE

Aikin nesa iri biyu ne, ya kamata a rarrabe su. Na farko shi ne wanda mutane su ke nesa da juna amma tilas su zauna lokaci ɗaya, kamar buga tarho, ko taron da a ke yi ana ganin juna a allon kwamfuta. Na biyu shi ne wanda kowa ya ke yin nasa sa'ad da ya sami sarari, ya bar wa na gaba, kamar wasiƙa da fayil. Bari mu kira shi aikin kowa-da-lokacinsa. Wannan na biyun shi ya fi ƙarfi wajen sake fasalin aiki, domin shi ne ya ke raba mutum da jiran agogon wani. Abin da na'ura ta yi shi ne ta ɗauki tafiyar da wasiƙa ta kan yi cikin mako biyu ta mai da ita ƙiftawar ido.

Wayar hannu ta shigo Nijeriya sosai a 2001. A 2013 kuma manhajar WhatsApp ta fito da saƙon murya, wanda ya zama babban al'amari a ƙasarmu, gama ɗan kasuwar da bai yi boko ba ya sami hanyar rubuta wasiƙa da bakinsa. Ga misali. Wani attajiri a kasuwar Dawanau ta Kano yana bukatar tirelar wake daga Maraɗi. Bayan sallar lisha ya aika wa dillalinsa saƙon murya ya kwanta. Dillali ya saurara bayan asuba, ya shiga kasuwa, ya ɗauki hoton waken ya aiko tare da farashi a kuɗin sefa. Ɗan canji ya faɗi yadda sefa ta kwana. Aka biya ta banki ko ta hannun wani amintacce. Direba ya ɗora kaya ya aiko lambar motarsa, ejan kuma a Jibiya ya fara shirya takardu tun mota ba ta baro Maraɗi ba. Mutum biyar ko shida sun gama ciniki, babu wanda ya bar garinsa sai direba. Wanda ya ke sayayya a birnin Guangzhou na ƙasar Sin kuwa, inda agogo ya ke gaba da namu da awa 7, ba shi da wata hanya sai wannan, domin sa'ad da ya ke rufe kantinsa da yamma abokin cinikinsa ya riga ya yi nisa a barci.

Gwamnati ma ta bi sawu. Tun a 1981 ƙungiyar ECOWAS ta nemi wani reshe na Majalisar Ɗinkin Duniya ya taimaka mata wajen ƙididdigar kayan ciniki, daga nan aka sami tsarin kwamfuta na kwastan mai suna ASYCUDA, wanda a Nijar a ke kira SYDONIA. Nijeriya ta yi aiki da shi shekaru, ta koma wani mai suna NICIS, a 2024 kuma ta fara gwada nata na gida mai suna B'Odogwu. Daga Disamba 2013 kwastan ta fara ba da takardar kimanta kuɗin fito tun kaya ba su iso ba. Ma'anar wannan ita ce, mai shigo da kaya ya buɗe takardarsa ta banki, ejan ya cika bayanin kaya daga nasa ofis, wani jami'i a wani gari ya duba, a biya kuɗin fito a banki, sa'an nan a zo kan iyaka a gwada abin da aka rubuta da abin da ke cikin mota. Rabin aikin da a da a ke yi a tebur ɗaya a bakin shinge ya watsu cikin garuruwa.

SHEKARAR ANNOBA

Abin da ya sa duniya ta farga da wannan al'amari gaba ɗaya shi ne annobar korona. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa kafin annobar, a 2019, mutane kimanin miliyan 260 ne su ke aiki daga gidajensu. Da cutar ta ɓulla sai ma'aikatan ofis suka bi su. A Nijeriya an sami mai ɗauke da ita na farko ran 27 ga Fabrairu, 2020, kuma cikin watan Maris Gwamnatin Tarayya ta umurci ma'aikatanta daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna gida. Majalisar ministoci ta koma yin taro ta allo. Aka rufe makarantu, jihohi da dama suka koma ba da darasi ta rediyo da talabijin.

Har aikin da ya shafi Jibiya kai tsaye ta haka aka buɗe shi. Ran 9 ga Fabrairu, 2021, Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi yana zaune a Abuja, jama'a kuwa suna tare a Kwarin Tama cikin Jihar Katsina suna kallonsa a allo. Hanyar mai tsawon kilomita 284 ce, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aka ba, an kuma tsara ta bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya kafin ta ƙetare. Jama'a, ku duba wannan. Jawabin buɗewa ya zo ta iska, amma dogo ba ya shimfiɗuwa ta iska, sai an sami masu haƙa da masu ɗaukar ƙarfe a rana.

ABIN DA WAYA BA TA IYA ƊAUKA

Nan ne Jibiya ta ke da darasin da ba a samu a littattafan waɗancan masana. Cikin Agusta 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokinta na tudu don hana fasa-ƙwauri, musamman na shinkafa. An buɗe waɗansu a Disamba 2020, amma ta Jibiya sai Afrilu 2022. Ba a daɗe ba, ran 26 ga Yuli, 2023, soja suka karɓi mulki a Yamai, ECOWAS ta sa takunkumi, aka sake rufewa, har ma Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da ta ke ba Nijar. Sai cikin Maris 2024 ƙasashen biyu suka buɗe. A duk waɗannan watanni dillali yana iya aiko hoton wake, attajiri yana iya amsawa, amma buhu bai motsa ba. Direba da ɗan dako da mai sayar da abinci a tasha da mai facin taya duk suka zauna, gama aikinsu ba ya shiga waya.

Akwai kuma wanda ya fi wannan. Cikin Satumba 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Jibiya, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Aka yi watanni mutum in yana son ya kira ɗan'uwansa ko ya aika kuɗi sai ya hau mota ya nemi inda sabis ya ke. Masu cire wa mutane kuɗi da na'urar POS suka rasa sana'a dare ɗaya. Karin maganar nan da muka fara da ita ta komo da ƙarfinta, zuwa da kai ya zama shi ne kaɗai hanya. Kafin wannan ma, a Nuwamba 2019, da aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, kamfanonin waya sun koka cewa turakunsu na waɗannan wurare da man dizal su ke aiki.

Abin da za a fahimta shi ne, aikin nesa yana tsaye ne a kan turaka da wuta da zaman lafiya da yardar hukuma. In ɗaya ya faɗi, duk ya faɗi. Haka kuma na'urorin ƙasa biyu ba sa gaisawa sai gwamnatocinsu sun gaisa. A 2019 ECOWAS ta fito da wani tsari mai suna SIGMAT don kwastan na ƙasa ɗaya ya aika wa na maƙwabciyarta bayanin mota tun ba ta iso ba, a huta da sake rubuta takarda ɗaya sau biyu. Amma Nijar ta fita daga ƙungiyar ran 29 ga Janairu, 2025, saboda haka duk wani haɗin aiki irin wannan tsakanin Magama da Ɗan Isa ya rataya ga abin da Abuja da Yamai suka shirya tsakaninsu.

INA AIKIN ZAI KOMA?

Yanzu mun zo kan abin da ya shafi 'ya'yanmu. Aikin kan iyaka kashi biyu ne, na jiki da na takarda. Na jiki, watau tuƙi da dako da buɗe mota a duba da gadi, yana nan a Jibiya muddin hanya tana nan. Na takarda kuwa, watau cika bayanin kaya, da lissafi, da fassara, da riƙe littafin ciniki, ya riga ya yi fiffike. Tun da ana iya yinsa daga ko'ina, to, zai tafi wurin wanda ya fi iyawa. In babu masu iyawa a Jibiya, sai a yi shi a Kano ko Ikko ko Abuja, samarin gari su zama 'yan kallon motoci suna wucewa. Tashar kaya ta kan tudu da aka buɗe a Dala ta Kano a 2023, da ta Funtuwa a 2024, suna nuna inda aka dosa, gama manufarsu ita ce a gama takardun kaya a cikin ƙasa, nesa da bakin teku. In jirgin Maraɗi ya fara aiki, ba mamaki yawancin takardunsa a Kano da Maraɗi za a gama su, ya wuce Jibiya da ɗan tsayawa kaɗan.

Amma ƙofar da aiki ya ke fita ta nan kuma ya ke shigowa. Yaron Jibiya yana da abin da na Ikko ba shi da shi. Ya tashi da Hausa, yana koyon Ingilishi a makaranta, Faransanci yana ƙetaren shinge wurin 'yan'uwan uwarsa, Larabci kuma yana makarantar allo da ta Islamiyya. Ya san naira, ya san sefa, ya san yadda a ke magana da jami'in kwastan da na duwan. Irin wannan yaro, in ya iya rubutu mai tsabta da lissafi da kwamfuta, zai iya riƙe wa attajirin Kano littafi, ya fassara wa na Maraɗi takarda, ya bi wa kamfanin Ikko sawun motocinsa, duk yana zaune a gidan ubansa yana noma gonarsa da damina. Shekara da shekaru samarinmu suna tafiya cin rani domin aiki yana can, su suna nan. Wannan ne karo na farko da a ke iya cewa aikin ya taso ya zo.

Kada kuma a manta da mata. Matan Hausawa sun daɗe suna sana'a daga cikin gida, suna ɗora wa yara talla su kai kasuwa. Yarinyar da ke ɗauke da faranti ita ce wayar uwarta, kuma wannan ne ya hana 'yan mata da yawa zaman aji. Yanzu da mace ta ke iya nuna kayanta a waya, a saya, a biya ta banki, a aiko mai babur ya karɓa, hujjar tsare yarinya a gida don talla ta fara raguwa. Malaman makaranta ya kamata su riƙa jawo hankalin iyaye ga wannan.

INDA A KE TUNTUƁE

Ko da ya ke amfanin yana da yawa, akwai ramuka a hanya. Na farko, ofishin da ya shiga aljihu ba shi da lokacin tashi. Malamin En'e in ya rufe ofis ya tafi gida, ya tafi ke nan sai gobe, amma na yau saƙon maigidansa yana iya iske shi a kan tabarmar cin tuwo. Wannan ya sa a Faransa, daga 1 ga Janairu, 2017, doka ta tilasta wa manyan kamfanoni su shirya da ma'aikatansu lokacin da ba za a dame su da saƙon aiki ba. Aikin kowa-da-lokacinsa in an bi shi daidai yana maganin wannan, domin ƙa'idarsa ita ce a aika saƙo a faɗi ranar da a ke son amsa, kada a tsaya a kan mutum.

Na biyu, magana zarar bunu ce. Saƙon murya yana da sauƙi, amma ba a iya bincika shi kamar littafi, in waya ta ɓace kuma ya tafi. Rigingimu da yawa tsakanin abokan ciniki daga nan su ke tasowa, wannan ya ce buhu ɗari ya faɗa, wancan ya ce ɗari da hamsin ya ji. Na uku, damfara. Wanda ba ka gani ba yana iya zama ba shi ba ne, hoton rasit ma ana ƙirƙirarsa. Fataken da sun yi maganin wannan da sanin asalin mutum da wanda ya tsaya masa, mu ma ba mu da abin da ya fi wannan. Na huɗu, koyon aiki. Ƙaramin akawu a da yana koyo ne da zama kusa da babba, yana ganin yadda a ke jera fayil da yadda a ke amsa wa mai ƙara. In kowa yana ɗakinsa, wa zai koya wa na baya? Tilas shugabannin ofis su ware ranakun haɗuwa saboda wannan.

SHAWARA GA MALAMAI

Ga malaman ofis, magadan malaman En'e, shawararmu ita ce ku koma ga abin da magabatanku suka ƙware a kai. Ku rubuta takarda yadda wanda bai san ku ba, kuma ba zai sami damar tambayarku ba, zai karanta ya gane abin da a ke so, da wanda zai yi, da ranar da za a gama. Ku sa kwanan wata a kan kome. Abin da aka yanke da baki ko ta saƙon murya, ku mai da shi rubutu a ranar. Ku ajiye kwafi a wuri biyu, ɗaya a na'ura ɗaya a takarda, gama Jibiya ta ga ranar da sabis ya ɗauke. Shugabanni kuma su fara auna ma'aikaci da aikin da ya gama, su rage auna shi da awoyin da ya yi a kan kujera.

Ga malaman makaranta, naku ya fi nauyi. Darasin rubutun wasiƙa da na insha'i, waɗanda waɗansu su ke ganin zamaninsu ya wuce, su ne tushen wannan sabon aiki. Yaron da bai iya tsara jimla biyar a takarda ba, ba zai iya tsara su a kwamfuta ba. Ku ƙarfafa lissafin kuɗi da na awo. A makarantun kan iyaka a ba Faransanci muhimmanci, a nemi malamansa, ga su nan kusa. Ku riƙa ba yara aikin da za su yi su kaɗai su kawo ran da aka yanka, domin su saba da cika alkawari ba da bulala a kansu ba. Wanda zai yi aiki inda maigidansa ba ya ganinsa, babban jarinsa amana ce, ita kuwa tun daga aji a ke shuka ta.

Ga hukuma kuma, abin da jama'ar kan iyaka su ke bukata a fili ya ke: zaman lafiya a hanyar Katsina zuwa Jibiya da ƙauyukanta, wuta mai tsayawa ko ta hasken rana, da layin waya wanda ba za a wayi gari a ga an rufe ba. In an sami waɗannan, sauran aikin na malamai ne da iyaye.

Zuwa da kai yana nan da ranarsa, gama har gobe sai an buɗe mota an duba, sai an je gaisuwa an je ta'aziyya. Amma aike ya sami doki mai gudun da kakanninmu ba su taɓa mafarkinsa ba, kuma wanda ya iya ɗaura masa sirdi shi zai ci kasuwar gobe. Allah Ya ba mu zaman lafiya a iyakokinmu, Ya sa 'ya'yanmu su zama masu riƙon amana a ɓoye da sarari. Amin.